Ƙaramin keken motsa jiki na zaune, ra'ayina ga masu ciwon gaɓoɓi

Wannan keken da nake magana ba irin babban nan ba ne mai sirdi na gidan motsa jiki, feda ce kawai guda biyu a jikin ƙarfe, ki ajiye a ƙasa ki zauna kan kujera kina murzawa. Ana samunsa a shagunan kayan asibiti, wasu ma na sayarwa ta intanet. Ni mai amosanin gaɓoɓi ce, irin mai kumburin nan da likitoci ke kira RA, wanda garkuwar jiki ce da kanta take far wa gaɓoɓi, kuma a sashen gashin ƙashi na asibiti aka ba ni shawarar in saya tunda tafiya mai nisa tana ba ni wahala. A gaskiya ya biya kuɗinsa, amma sai mutum ya san lokacin hawansa.

Duk mai wannan ciwon ta san asuba. Yatsu su sandare, buta ma sai an riƙe da hannu biyu, wani lokacin a fi awa ɗaya kafin jiki ya saki. Akwai dalili, sinadarin kumburi mai suna IL-6 da dare yake hauhawa ya kai ƙololuwa wajen asuba, shi kuwa kotisol da jiki ke kwantar da kumburi da shi tsakar dare yana ƙasa, sai gari ya waye yake cika. Shi ya sa har aka yi wani nau'in prednisone, maganin kwantar da kumburi, da ake sha ƙarfe 10 na dare ya fara aiki wajen ƙarfe 2. To ni dai keken nan da safe ba ya min daɗi ko kaɗan, gwiwa nauyi take kamar an ɗaura mata dutse. Bayan la'asar nake hawa, lokacin jiki ya warware rana ta yi sanyi, in yi minti 10 in huta in ƙara, kuma daren da na hau na fi yin barci mai nauyi wanda shi kansa babban abu ne a wajenmu.

Abin da ya fi burge ni ba ya ɗora wa gwiwa da idon sawu nauyin jiki, kina zaune ne, kina iya yi kina sauraron rediyo ko kina jiran tukunya, ba fita, ba neman abin hawa, ba ruwanki da ƙurar hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki take so babba ya samu a mako, da can jin wannan lissafin kawai nake, yanzu ina kusantarsa a cikin falo. Kuma mu masu RA haɗarin ciwon zuciya ya fi mana yawa, don haka ba don gaɓa kaɗai ake yi ba.

Maganar gwajin jini kuma, don Allah 'yan uwa kar mai shago ya ce muku keken zai sauke CRP da ESR, wato gwaje-gwajen da ke nuna yawan kumburi a jiki, ku yarda kai tsaye. Tsoka in tana aiki tana sakin sinadaran da ke taimakawa wajen kwantar da kumburi, haka ne, kuma motsa jiki daidai gwargwado ba ya tayar da ciwon, amma saukar da yake kawowa a waɗannan gwaje-gwajen ba mai yawa ba ce, wasu ma ba sa ganin canji. Nawa ya ɗan sauka, sai dai ina kan maganina na RA, methotrexate, sau ɗaya a mako da folic acid ban fasa ba, ba zan ɗauki aikin magani in ba wa keke ba. Abin da na gani da idona shi ne tashi daga tahiya ya yi min sauƙi, gajiyar rana ta ragu.

Matsalolinsa kuwa akwai. A kan tayil zamewa yake, kina murzawa yana guduwa gaba, sai na shimfiɗa darduma na jingina shi da bango. Sannan ɗan maɓallin da ake juyawa a ƙara masa tauri, wanda ya ƙera shi bai yi tunanin mai kumburin yatsu ba wallahi, ƙarami ne ga santsi, ranar da hannu ya motsa sai na kira yaro ya juya min, abin yana min ciwo don mu ne muka fi buƙatar kayan. Ɗan allon lissafin minti bai daɗe ba ya mutu, da agogon waya nake yi. An ce ana ɗora shi kan tebur a murza da hannu, na gwada wuyan hannuna bai ɗauka ba.

Ranar da gwiwa ta kumbura ta yi zafi kar a hau, a bari ta lafa. In za ki saya ki gwada a shagon tukuna, ki zaɓi mai nauyi mai roba a ƙafafunsa, ki nemi kujera mai ɗan tsayi don kar gwiwa ta naɗe da yawa, sannan ki nuna wa likitanki ko mai gashi kafin ki fara.