Tsohuwar kwamfutar shago: SSD ko babban HDD?

Ɗan'uwa, ka ce Dell OptiPlex 7010 ɗin da kake buga wa mutane takardu da ita tana cin mintuna kafin ta gama tashi, faifanta mai gigabait 500 kuma ya kusa cika. Kana tambaya wane faifan ajiyar bayanai za ka saya, HDD mai terabait 2 ko SSD mai gigabait 500. Matsala biyu ce ka haɗa, nauyi da ƙarancin wuri, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Cikin HDD faranti ne ke juyawa, na kwamfutar tebur yawanci sau 7200 a minti, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana karanta abin da ke kai. In fayil ɗaya ne babba, sabon HDD zai ba ka megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa. Amma lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, sai hannun nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙarar kirr-kirr da kake ji da safe, kwastoma na tsaye a kanka da takardarsa a hannu, ita ke nan. Terabait 2 zai ba ka fili sosai da kuɗi kaɗan, amma jiran yana nan yadda ka bar shi.

SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA, wato mai shiga irin mashigar da HDD ɗinka ke ciki, yana kaiwa megabait 550 a daƙiƙa, amma ainihin amfaninsa shi ne ƙananan fayilolin nan yana miƙo su nan take. Tawa ta gida irin zamanin taka ce, ranar da na saka mata SSD kafin in gyara zama a kujera ta gama tashi, CorelDRAW ma ya daina sa ni jira. Madabod ɗin wannan zamanin yana da mashigar SATA III da ta SATA II, ka tabbata mai gyara ya soka SSD ɗin a SATA III, mai saurin. Kar kuma wani ya sayar maka da SSD nau'in NVMe don ya ce ya fi gudu. Ya fi, amma injin 2012 ne, ba shi da gurbin M.2 da ake soka irinsa.

Kafin ka fitar da ko sisi, danna Ctrl, Shift da Esc tare lokacin da take nauyi, Task Manager zai buɗe ya nuna maka yawan aikin da kowane sashe ke yi. In faifai ya tsaya a kashi 100 alhali furosesa na hutawa, laifin HDD ne. In RAM ce ta cika, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, musamman in gigabait 4 gare ka, haɗa da ƙarin RAM nau'in DDR3 ka kai ta gigabait 8.

Ni dai SSD zan saya in ɗora Windows da manhajoji a kai, tsohon HDD ya zauna gefe yana riƙe hotuna da tsofaffin ayyuka, in manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo ta nuna lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya da nake tsoro: HDD kan yi ta ƙara kafin ya mutu, SSD kuwa yana iya tafiya ba sallama. Da yadda ake ɗauke mana wuta, nemi UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, kuma ayyukan mutane su kasance a wuri biyu.

Kar ka wuce nan wajen kashe mata kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesar Intel ƙarni na 8 take farawa, taka ƙarni na 3 ce. Duk ranar da ka sauya injin, cire SSD ɗinka ka mayar cikin sabon, zai ci gaba da yi maka aiki.