Sabon Inji a Tsohuwar A-kori-kura: Wanne Ya Kamata Ka Ɗaura?

Akwai a-kori-kurar da ta shekara talatin tana aiki, bodi garau, shasi ko tsatsa babu, amma injin ya gaji: yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, in aka yi lodi aka doshi hawa sai ya fara nishi. Mai irin wannan mota ba ya son rabuwa da ita, shi ya sa tunanin ɗaura mata injin zamani yake zuwa. Ana yi, kuma yana kyau in an dace. Sai dai kuɗin injin kansa sau da yawa shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Abin da ke ƙarar da aljihu shi ne duk abin da injin zai haɗu da shi: giyabos, wayoyi, famfon mai, lagireto, salansa, har birki.

Kafin a yi maganar sabo, a tabbatar tsohon ya mutu da gaske. Bakanike ya gwada matsin kowace silinda. In bulok bai tsage ba, sauke injin a sa masa sabon ringi da metal da gaskit ya fi kowace hanya arha, ba walda, ba taɓa takardun mota. Illarsa ɗaya: ƙarfin jiya da shan man jiya za ka sake samu. Wanda wannan ya ishe shi, magana ta ƙare a nan.

Wanda bai ishe shi ba, ni dai shawarata ya fara duba ƙanin injinsa, wato na kamfani ɗaya da ya biyo bayansa. Ɗauki tsohuwar Toyota Hilux mai injin 22R, lita 2.4, mai kafireto, wanda ƙarfinsa wajen doki ɗari ne. Magajinsa 3RZ-FE, lita 2.7, ya fito a 1994 da doki 150. Ƙari ne mai yawa, amma bai kai wanda zai karya giyabos ko aksul ba. Ana iya barin tsohon giyabos W56 a wurinsa, a sauya ƙoƙon gabansa kawai da na W59, wanda dama shi ke bin 3RZ. A ɓangaren dizal abin ya fi haka sauƙi: injunan Toyota masu suna 2L da 3L da 5L 'yan gida ɗaya ne, don haka mai 3L na lita 2.8 da ya koma 5L na lita 3.0 ba shi da wani dogon aiki. A lura dai da harafin ƙarshe. 5L-E kwamfuta ce ke sarrafa famfonsa, ba kamar 5L zalla ba, kuma mutane da yawa sai an kawo injin gareji suke gane bambancin.

Ko a cikin gida ɗaya, tashi daga kafireto zuwa injekta yana da nasa sharaɗi. Kafireto matsin mai kaɗan yake so, bai ma kai rabin bar ba (bar ma'aunin matsi ne), injekta kuwa yana neman wajen bar 3. Ke nan sai sabon famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da tiyon mayar da ragowar mai tanki in injin yana buƙata. Tsohon tiyon roba a kan wannan matsi, kusa da salansa mai zafi, gobara ce ake kira.

Mai neman ƙarfin jan kaya idonsa yakan faɗa kan dizal mai turbo, kuma a nan hanya ta rabu biyu. 1KZ-TE na 1993, lita 3.0, wayoyinsa ba su da yawa, yana ja sosai, amma an san shi da tsagewar kan silinda in ya yi zafi. Kada a haɗa shi da ƙaramin lagireton tsohon inji don tsimi. Ɗaya hanyar ita ce ta na bayansa, 1KD-FTV da 2KD-FTV, waɗanda ake kira D-4D. Sun fi shiru, sun fi tattalin mai, sai dai suna fesa dizal da matsin da ya haura bar 1,000, kuma ɗan ruwa ko datti a cikin man ya isa ya lalata nozul. Ga burenbos, wato kwamfutar injin, ga totur na lantarki wanda ba kebul, ga makulli mai guntun na'urar hana sata a ciki. In burenbos bai gane makullin ba, sitata za ta yi ta juyawa, inji ba zai tashi ba. Don haka irin wannan inji ba a sayensa tsirara. A saye shi da wayoyinsa ba a yanke ba, da burenbos, da totur, da makulli da na'urar da ke karanta shi, duk daga mota ɗaya. Wanda ya samu motar da ta yi hatsari ta baya ya saye ta sukutum ya fi kowa dacewa, domin kowane ƙaramin soket da zai nema yana jikinta. Kuma a nemo rewayan da ya taɓa yin irin aikin tun kafin a biya kuɗin inji, ba bayan an ɗaura ba.

Sai zaɓin masu son ruri: injin wani kamfani daban. A Amurka injunan LS na General Motors sun yi suna a wannan harka, musamman masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 da suka zo a Chevrolet Silverado tun 1999, domin suna da yawa kuma ana sayar da ƙafafun ɗaura su da wayoyinsu a shirye. Ga tsohuwar Chevrolet C10, wadda dama an yi ɗakin injinta don silinda takwas, wannan zaɓi ne mai ma'ana. A ƙaramar a-kori-kura kuwa labarin ya bambanta. 1UZ-FE na Lexus LS400, lita 4.0, aluminiyam ne mara nauyi, amma faɗinsa yakan yi karo da sitiyari. Cummins 4BT, lita 3.9, ya haura kilo 300 kuma yana girgiza, ƙananan sifirin gaba ba za su ɗauka ba. Kamfanin Cummins ya fitar da injin R2.8 a 2017, sabo fil a akwati da wayoyinsa da kwamfutarsa, musamman don irin wannan aiki, ga mai hali. Duk wanda ya ninka ƙarfin motarsa, ya sa kuɗin kuloci da giyabos da farfela da manyan birki a lissafi tun farko. Birkin da aka yi don doki casa'in ba ya tsayar da doki ɗari uku da lodi a baya.

Sauya fetur zuwa dizal ma ana raina shi. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da ke tausasa birki, sai an haɗa masa famfonta, in ba haka ba birkin ya zama dutse a ƙafa. Kuma ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka in ba a sauya haƙoran aksul ba, a babban titi zai yi ta ihu motar ba ta gudu.

Batun doka ya danganta da ƙasa. A wurare da yawa lambar inji tana cikin takardun mota, sai an sabunta su, kuma kamfanin inshora yana so a gaya masa. A Amurka ƙa'idar ita ce injin da aka ɗaura kada ya girmi motar, kuma ya zo da kayan tace hayaƙinsa. A karɓi rasidi mai ɗauke da lambar injin, a gwada ta da wadda ke jikin bulok.

Ranar saye, in da hali a ji injin yana aiki tun daga sanyi, domin ɗumi yana ɓoye ƙara. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga kumfa mai launin madara, da alama ruwa yana shiga. Sannan a fito da tef a auna tsawo da faɗi da zurfin kaskon mai na ƙasa. A mota mai jan ƙafa huɗu, kaskon nan shi ya fi yawan cin karo da aksul na gaba, kuma gara a gano haka injin yana ƙasa a wurin mai sayarwa, tun ana iya cewa a haɗo da wani kasko a cikin cinikin.