Faifan Secchi ko ma'aunin WQI: wanne ya dace da ruwan Legas?

Alhaji, ka ce kana shirin kafa kejin karfasa a ruwan Epe, an kawo maka hanya biyu ta auna ruwan: ɗaya a zura faifai a ba ka maki, ɗaya a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaje-gwaje a fitar maka da WQI, wato ma'aunin ingancin ruwa. Ka tambaya wacce za ka bi. Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, shi ya sa bai kamata farashi kaɗai ya raba maka gardama ba.

Faifan nan wani malamin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fito da shi a 1865. Wanda ake amfani da shi a tafki faɗinsa santimita 20 ne, fari da baƙi. Daga kan kwalekwale za ka saki igiya a hankali, a gefen da inuwa take, har faifan ya ɓace wa idonka, ka ɗaura alama, ka jawo shi har ya sake bayyana, ka ɗauki tsakiyar zurfin biyu. A 1977 Robert Carlson na Amurka ya mayar da wannan zurfi maki, ya haɗa da yawan fosfaras da koren gansakuka. Mita 4 maki 40 ne, mita 2 maki 50, mita 1 maki 60. Ƙasa da 40 ruwa garau ne, daga 50 zuwa 70 taki ya yi masa yawa, sama da 70 kuwa ya lalace da gansakuka.

WQI, wanda aka daidaita a Amurka a 1970, abu tara yake tarawa: oksijin, ƙwayoyin cutar bahaya, tsami, zafi, fosfat, naitiret, dusashewar ruwa, daskararrun abubuwa, da oksijin ɗin da ƙazanta ke cinyewa cikin kwana 5. A nan maki mai yawa shi ne alheri, 70 zuwa 90 ruwa mai kyau. Ka lura da wannan da kyau: 75 a takardar Carlson mugun labari ne, 75 a takardar WQI albishir ne.

Ni dai a ruwan Legas ba na yarda da faifai shi kaɗai. An tsara makin Carlson ne don tafkunan da gansakuka ce ke dusashe su. Namu kuwa da damina kogin Ogun da na Osun suna zubo laka, faifai ya ɓace da wuri, a ce taki ne alhali taɓo ne. Kainuwar da ta shigo ta Badagry a 1984 ita ma tana shanye takin, ruwan ƙarƙashinta ya yi kamar tsabtatacce. Faifai kuma ba ya ganin ƙwayar cuta.

WQI ma yana da nasa aibin. Don ruwan daɗi aka yi shi, tafkin Legas kuwa zartsi ne, teku na tura masa gishiri da rani, sai gishirin ya rage masa maki ba tare da ƙazanta ba. Epe da sauƙi a wannan. Babban aibin WQI shi ne abu takwas masu kyau na iya rufe ɗaya mai kisa.

Don haka, Alhaji, ka biya gwajin ɗaki sau biyu, rani da damina, amma ka ce a ba ka sakamakon kowane abu daban, kada ka karɓi jimla kawai. Faifai ka haɗa naka, ka riƙa zurawa duk mako. Sannan ka sayi na'urar auna oksijin, ka auna da asuba, lokacin da yake ƙasa ƙwarai. In ya sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, kifi ya fara takura. In yana kusantar 2 kullum, ka nemi wani wurin kafin ka zuba kuɗinka.