Layin Dogo na Kano zuwa Nguru: Da Wane Ma'auni Za a Auna Farfaɗo da Shi?

Malam, tambayar da ka kawo wa zauren nan ita ce, idan gwamnati ta ce za ta dawo da zirga-zirgar jirgin ƙasa ta yau da kullum tsakanin Kano da Nguru, ta wace hanya za a gane ko aikin ya cancanci kuɗin da za a zuba masa, kuma ko zai ɗore. Masu tsara harkar sufuri sun fi dogara da hanyoyi biyu, wato lissafin amfani da tsada, da kuma awo da ma'aunai da yawa. Akwai ta uku, binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda doka ta wajabta a Najeriya tun 1992.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a tuna dalilin shimfiɗa layin. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma, mai tsawon kimanin kilomita 230, ya kammala a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Ba don fasinja Turawa suka yi shi ba, sun yi shi ne don gyaɗa da fatu da shanu. Dalar gyaɗa ta tafi, kayan da yankin ke fitarwa a yau su ne riɗi da zoɓo da shinkafa da dabbobi, kuma manyan motoci sun riga sun kama cinikin.

Lissafin amfani da tsada yana mayar da komai kuɗi. A gefe guda ana tara kuɗin gyaran dogo da gadoji da tashoshi, da sayen kan jirgi da taragai, da albashi da man dizal na shekaru talatin ko fiye. A ɗaya gefen ana tara abin da jama'a za su amfana, kamar sauƙin kuɗin dakon kaya, da lokacin da aka rage, da raguwar haɗarin mota, da kuɗin gyaran kwalta da za a huta da shi idan tireloli suka ragu. Idan amfanin ya rinjayi tsadar, aikin ya ci jarrabawa. Ƙarfin wannan hanya shi ne tana tilasta wa mai kawo aikin ya faɗi lamba, lamba kuwa ana iya bin diddiginta. Misali, ɗan kasuwar Dawanau da zai kawo riɗi daga Gagarawa, idan tirela ya ɗauka, 'yan dako za su loda sau ɗaya su sauke sau ɗaya a ƙofar sitonsa. Idan kuwa jirgi ne, sai mota ta kai buhunan tasha, a sauke, a loda a tarago, a Kano a sake saukewa a loda a wata motar. A tafiya gajera irin wannan, kuɗin dako sau uku yana iya cinye duk rangwamen da jirgi ya yi masa. Wannan lissafi ne kaɗai yake fito da irin wannan gaskiyar fili.

Rauninsa yana wurin hasashe. Binciken da Farfesa Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 da 2005 ya nuna cewa ayyukan dogo a ƙasashe daban-daban suna wuce kuɗin da aka ƙiyasta da kimanin kashi 45 cikin ɗari, kuma tara daga cikin goma ba sa samun fasinjojin da aka yi hasashe. Kuskuren yana iya faɗawa ta ɗaya ɓangaren ma. A Sikotilan an rufe wani layi a 1969, aka sake buɗe sashensa daga Edinbara zuwa Tweedbank a 2015, duk da lissafi ya nuna cewa kowace fam ɗaya da aka kashe rabin fam za ta dawo da shi. Da jirgi ya fara aiki, sai tashoshin can ƙarshen layi, na garuruwan da suka daɗe a yanke, suka ninka hasashe, na kusa da birni kuma suka gaza. Akwai kuma al'adar rage darajar amfanin da zai zo nan gaba: idan ana ragewa da kashi goma a shekara, naira ɗari da za a samu bayan shekara talatin ba ta kai naira shida ba a lissafin yau. Gadar da za ta yi wa jikoki aiki kusan ba ta da kima a wannan ma'auni.

Awo da ma'aunai da yawa an ƙirƙiro shi ne don cike wannan giɓi. Ana jera abubuwan da ake so, kamar haɗa ƙauyuka da kasuwa, da samar da aikin yi, da rage hayaƙi, da sauƙaƙa wa marasa lafiya zuwa asibiti a Kano, a ba kowanne nauyi, sannan a ba kowane zaɓi maki. Alherinsa shi ne matar Birniwa da kuɗin mota ya fi ƙarfinta tana shiga lissafi, ko da tikitinta bai taka kara ya karya ba. Matsalarsa ita ce wanda ya raba nauyin shi ya yanke hukunci tun kafin a zauna. Idan kwamiti yana son aikin, sai ya ba haɗin kan yanki kashi arba'in, ya ba tsada kashi goma, amsar da yake so ta fito da kanta. A ganina wannan hanya tana da daraja ne kawai idan an bayyana nauyin a bainar jama'a kafin a ba da maki, kuma manoma da fatake da direbobi sun sa baki.

Binciken muhalli ba ya gasa da waɗannan biyu, domin ba ya tambayar ko aikin zai biya kansa. A wannan layi babban batunsa ruwa ne. Dogon yana bin gefen kwarin kogin Haɗeja har zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, kuma ambaliyar 2022 ta nuna abin da yankin Ringim yake iya fuskanta. Tudun da aka ɗora dogo a kai, idan kwalbatocinsa sun yi ƙanƙanta ko yashi ya toshe su, yana tare ruwa kamar madatsa, ya tura shi gonakin mutane, daga baya ruwan ya ci tudun ya bar ƙarafa a rataye. Abin takaici shi ne sau da yawa ana yin binciken bayan an riga an ba da kwangila.

Abin da duk ukun suke yawan tsallakewa shi ne wa zai riƙe layin bayan an yanke ƙyalle. Layin Legas zuwa Kano, mai kilomita 1,126, an gyara shi an sake buɗe shi a Disambar 2012, amma tafiyar ta riƙa cin fiye da awa talatin, ambaliya ta riƙa yanke shi a jihar Neja, zirga-zirgar kuma ba ta zauna daram ba. Ga kuma batun faɗin dogo: na Nguru tsohon samfuri ne mai milimita 1,067, sababbin layukan Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi kuwa 1,435 ne, saboda haka taragon da ya taso daga Nguru ba zai hau su ba sai an juye kayan.

Da ni za a tambaya, Malam, da lissafin amfani da tsada zan fara, amma da sharaɗin a je Dawanau da Maigatari da Nguru a ƙirga buhu da kan dabba a kaka da bazara, a ƙara kashi 45 a kan ƙiyasin ɗan kwangila, a kuma sa kuɗin masu duba dogo da masu gadinsa daga ɓarayin ƙarfe na kowace shekara. Idan lissafin ya gaza, kuma mai yiwuwa ne ya gaza, sai a kawo awo na biyu a fito fili a ce za a riƙa cike giɓin naira kaza a shekara saboda mutanen Jigawa da Yobe, a kuma faɗi ko Hukumar Jiragen Ƙasa ce za ta biya ko jihohin uku ne za su yi karo-karo.