Malamar Helen Keller da malamin Michelle: wanne ya fi shiga raina

Fim ɗin The Miracle Worker na 1962 baƙi da fari ne, ba waƙa ba rawa, kuma kusan duk abin da ke faruwa a cikinsa bai wuce harabar gida ɗaya ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakaninsa da Black na Indiya da ya fito a 2005, shi zan ɗauka, ko da yake da finafinan Indiya na tashi, kuma Amitabh Bachchan ba ƙaramin matsayi gare shi a wurina ba. Ni malamar firamare ce. Na kalle su a jere lokacin hutu, kuma da idon malama na kalle su.

Labarin na farko ya faru da gaske. An haifi Helen Keller a 1880 a garin Tuscumbia na jihar Alabama a Amurka. Tana da wata 19 ta yi wata rashin lafiya da ta tafi da ganinta da jinta baki ɗaya. A watan Maris na 1887 aka turo mata malama daga makarantar makafi ta Perkins da ke Boston, wata budurwa mai shekara 20, Anne Sullivan. Ita ma malamar ba lafiyayyun idanu gare ta ba, sai da aka yi ta yi mata aiki kafin ta riƙa gani sama-sama, kuma a gidan gajiyayyu na Tewksbury ta taso, inda ƙaninta Jimmie ya rasu. Arthur Penn ne ya ba da umarni, Anne Bancroft ta fito a malamar, Patty Duke ta fito a Helen. Su biyun sun daɗe suna yin wannan wasa a dandamali tun 1959, shi ya sa in suna kokawa za ka ga kowace ta san jikin 'yar'uwarta. Dukansu sun ci kyautar Oscar da shi.

Wurin da ya kama ni shi ne teburin cin abinci. Helen na zagaya teburi tana sa hannu a farantin kowa, tana damƙa tana kaiwa baki, mutanen gidan na ta hirarsu kamar ba abin da ke faruwa. Sun saba. Da ta iso farantin malamar, sai malamar ta hana. Uban ya ce a ƙyale ta mana, ai abin tausayi ce. Anne ta fitar da kowa, ta kulle ƙofa, aka shiga dambarwa ta kusan minti tara, kusan ba magana ko ɗaya: a jefar da cokali a ɗauko, a zaunar da ita ta zame, kujeru na faɗuwa, abinci ko'ina. Da malamar ta fito a wujiga-wujiga, abin da ta shaida wa uwar shi ne yarinyar ta ci a farantinta, da cokali, har ta ninke ƙyallen goge baki. Yadda uwar ta riƙa maimaita maganar ninke ƙyallen nan, hawaye na zubo mata, ya fi kowane dogon jawabi taɓa ni. A lokacin ta fara yarda cewa akwai mutum mai hankali a cikin 'yarta.

Abin da fim ɗin ke nunawa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, bayan makanta da kurumta, akwai cuta ta uku da ke danne yarinyar, wato tausayin 'yan gidansu. Suna sonta matuƙa, amma sun cire rai da ita. Sukan toshe mata baki da alewa don a samu lafiya. Na san wannan tausayin a unguwanninmu, inda ake barin yaro kurma ko makaho a tsakar gida ana cewa Allah sarki, ba wanda ya yi tunanin kai shi makaranta ko koyon maganar hannu saboda shi. Ban taɓa ganin fim ɗin da ya fito da wannan a fili haka ba.

Sai kuma mako biyun da aka ba malamar ta keɓe da Helen a wani ɗan ɗaki a lambu. Nan ma akwai abin da duk mai koyarwa zai gane. Yarinyar ta nutsu, tana wanka, tana zama, tana kwaikwayon haruffan da ake rubuta mata da yatsu a tafin hannu. Uban ya gamsu, ya ce aiki ya yi. Malamar kuwa ta ƙi gamsuwa, don ta san yatsun kawai ke motsi, kamar aku mai maimaita sallama, yarinyar ba ta san cewa kowane abu yana da suna ba. Ina da ɗalibai masu rera darasi tiryan-tiryan, in ka juya tambayar sai su tsaya cak, don haka na ji zafin da ke ranta. Wannan ne ya sa wurin famfo ya yi nauyi. Helen ta watsa wa malamar ruwan tulu, malamar ta ja ta waje sai ta cika shi, ruwa na zuba a hannu ɗaya ana rubuta mata sunansa a ɗayan, sai fuskarta ta sauya. Daga nan ta shiga dukan ƙasa, da famfo, da matakala, tana neman sunan kowanne. A tarihi ranar 5 ga Afrilu 1887 ce, wata ɗaya da zuwan malamar.

Yana da nasa rauni. Wuraren da malamar ke tuna ƙaninta an yi su dishi-dishi da muryoyi masu amsa-kuwwa, sun tsufa. Uban yana yawan ɗaga murya irin ta dandamali. Patty Duke ta girme wa yarinya 'yar shekara bakwai nesa ba kusa ba. Baƙaƙen fatar da ke aikatau a gidan kuwa an bar su a gefe, ba wanda ya damu da labarinsu, kuma hakan ya tsaya mini a rai.

Black na Sanjay Leela Bhansali ya ɗauki wannan ƙashin labari ya kai shi wani gidan Kiristoci masu hali a Shimla. Amitabh ne malam Debraj Sahai, Rani Mukerji ce Michelle, yarinyar makauniya kuma kurma, bayan ta girma, Ayesha Kapur kuma ta yi yarintarta, kuma yarinyar nan ta yi ƙoƙari ƙwarai. Hoto ya yi kyau, har ya so ya yi yawa: manyan zaure, haske ta tagogi, dusar ƙanƙara. Inda ya fi na 1962 shi ne bai tsaya a bakin ruwa ba. Ya bi Michelle jami'a, tana faɗuwa jarrabawa shekara bayan shekara tana komawa, ya nuna kishin ƙanwarta Sara wadda ta tashi a inuwar yayarta, sannan ya juya lamarin: malamin ya kamu da cutar mantuwa ta Alzheimer, ɗalibar ta dawo tana koya masa. Na yi kuka a nan, ba zan ɓoye ba. Kuma wannan doguwar tafiyar ita ce gaskiyar aikin, don Helen ta asali sai a 1904 ta gama kwalejin Radcliffe, Anne na zaune gefenta tana rubuta mata lacca a hannu, kuma ba su rabu ba har rasuwar Anne a 1936.

Abin da ya rage masa daraja a idona shi ne fim ɗin ya fi son malamin a kan yarinyar. Debraj mashayi ne, mai tsawa, yana fizgar yarinya yana jijjiga ta, a ƙarshe ma cikin kwarmin ruwa ya jefa ta, kiɗa na tashi kamar wani abin bajinta aka yi. Ita ma Anne ta rama mari a na 1962, kuma ban yarda da hakan ba, amma can kana ganin mace ce mai tsoron kada ta gaza, ga gajiya, ga idanu na ciwo, ba a yi wa marin ado ba. Ina fargabar iyaye ko malami su kalli Black su ɗauka cewa zafin hannun ne ya buɗe kan yarinyar, alhali maimaici ne na yau da gobe, harafi bayan harafi a tafin hannu.

Ga mai son kallo, shawarata a fara da na 1962, a kuma nemi allo mai ɗan girma maimakon waya, domin rabin maganar fim ɗin a yatsu take. Turancinsu na jihohin kudancin ƙasar Amurka yana da ɗan wuyar ji, gara a kunna rubutun ƙasan allo. Black ya dace da kallon iyali, sai dai in da ƙananan yara a wurin, babba ya zauna kusa ya yi musu bayanin wuraren fizge-fizgen.