Na'urar tiyon roba mai ƙirga motoci: gwana a miƙaƙƙiyar hanya, makauniya a mararraba

Duk wanda ya ga baƙin tiyo guda biyu a shimfiɗe a kan kwalta, an ɗaure wani ɗan akwati da sarƙa a gindin turke, to na'urar ƙirga motoci ce. Taya na taka tiyon, iskar da ke ciki sai ta buga akwatin, shi kuma ya rubuta lokaci. Irin ta kamfanin MetroCount ana ba tiyoyin tazarar mita 1, kuma da wannan tazara take gane gudun mota, da inda ta nufa, da ko ƙarama ce ko tirela.

A miƙaƙƙiyar hanya, kamar tsakanin Wudil da Gaya, ba ta da laifi. Sai ta yi mako guda tana aiki dare da rana, abin da ba mai ƙirga da hannu da zai jure. Sharaɗi dai a ja tiyon ya miƙe sosai, a toshe bakinsa na can ƙarshe, a kafe shi da ƙusoshin kankare. Idan ya karkace, tayoyin dama da na hagu za su taka shi a lokuta daban, lissafi ya lalace. Kwanakin ƙirga kuma dole su haɗa da ranar kasuwa. Wanda ya auna hanyar Wudil ya tsallake Juma'a, ko ta Maigatari ya tsallake Alhamis, aikin banza ya yi.

Matsalarta tana farawa ne da an matso mararraba. Motar da ke jan ciki a cunkoso, ko ta tsaya a kan tiyon, rikita ta take yi. 'Yan acaɓa biyu su taka tare, ta ɗauke su mota ɗaya. Da yawansu ma ta gefen kwalta suke ratsewa, ba ta san sun wuce ba. Ga amalanken shanu, ga zafin bazara da ke tsattsaga roba, don haka kullum sai an leƙa ta. Babban gibinta kuwa, ba ta sanin wa ya yi kwana dama, wa ya yi hagu, balle tsawon jiran da direba ya yi.

Wannan sai mutum. Kowace kafar hanya a ajiye mutum biyu da agogo da abin dannawa (carbin nan na yatsa ma ya wadatar, in dai kowane nau'in abin hawa da nasa). Ɗaya yana ƙirga duk motar da ta wuce, ɗayan kuma duk bayan daƙiƙa 15 ya rubuta motoci nawa ne a tsaye. Misali, jimillar na tsaye ta kai 240, waɗanda suka wuce 120: 240 sau 15 ya ba da 3,600, a raba da 120, kowace mota ta yi tsayuwar daƙiƙa 30 ke nan. A ma'aunin Amurka na littafin auna hanyoyi, Highway Capacity Manual, mararrabar da ba ta da danja idan jinkiri bai wuce daƙiƙa 10 ba tana matakin A, wato mafi kyau, in ya haura 50 ta faɗa F, mafi muni. Sai dai a tuna ma'aunin nasu ya haɗa da lokacin rage gudu da na tashi, don haka adadin tsayuwa zalla yakan fito ƙasa da shi.

Ƙaramar hukuma ko ɗan kwangilar da zai yi hayar na'urar, ya shimfiɗa ta can baya da inda layin motoci ke ƙarewa ranar kasuwa, ya ware kuɗin mutum takwas na mararraba mai kafa huɗu.