Zarra da kishiyarta: hanyoyi biyu na bayanin ragowar farkon halitta

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi zai tarar da wannan tambaya a gabansa: tun da zarra da kishiyarta (wato ƙwayar da ta yi daidai da ita a nauyi amma cajinta na lantarki akasin nata ne) suna hallaka juna su zama haske idan suka haɗu, ta yaya aka sami ragowar da ta zama taurari, shekara miliyar 13.8 da suka wuce? Ragowar ba ta wuce kusan ɗaya cikin miliyar ba, kuma a 1967 masanin fiziks Andrei Sakharov ya gindaya sharuɗɗa uku na samuwarta.

Bayani na farko, wanda Kuzmin da Rubakov da Shaposhnikov suka buɗe wa hanya a 1985, ya ɗora abin a kan lokacin da ƙarfin lantarki da maganaɗisu ya rabu da raunanan ƙarfin nukiliya. Amfaninsa shi ne ana iya gwada shi a injinan karo da ƙwayoyi na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai. Sai dai ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, da aka gano a 2012, ta yi nauyin da ya sa rabuwar ta auku a hankali, alhali bayanin yana buƙatar ta zo kwatsam, don haka ba ya tsayawa sai an ƙara masa sababbin ƙwayoyi.

Na biyu, na Fukugita da Yanagida a 1986, ya ce wasu nau'in nutirino (ƙwayoyi marasa cajin lantarki) masu tsananin nauyi ne suka ruɓe zuwa zarra da kishiyarta ba daidai wa daida ba. A ganina ya fi ƙarfi, domin ya dace da abin da na'urar gano nutirino ta Super-Kamiokande a Japan ta nuna a 1998, cewa nutirino yana da nauyi, ko da yake ƙwayoyin da ya dogara da su sun fi ƙarfin duk injin da ake da shi yanzu.